Shatar mota daga Kano zuwa Yankari: direba ya yi, ofis sai a hankali

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai iyali ba ya tashi tafiya mai nisa sai ya zauna da biro da takarda. A dogon hutun makaranta na bana mun auna, muka ga tsohuwar motata ba za ta ɗauke mu da Inna da yara da kaya ba, sai muka yi shatar Sienna da direbanta a wani kamfanin haya a nan Kano. Niyyarmu gandun namun daji na Yankari, sannan mu biya Bauchi bikin 'yar ƙanwar maiɗakina a hanyar dawowa. Masu tambayata ko shatar ta ci kuɗinta, amsata ita ce e, amma albarkacin mutum ɗaya ne, kuma ba a ofis yake zaune ba.

Motar dai ba laifi. An wanke ta tas, na'urar sanyi tana aiki har kujerar baya, but ɗin ya cinye kula da tabarmi da akwatin kayan biki ba tare da an ɗora wa kowa jaka a cinya ba. Abin da ban lura da shi ba direban ya gani: safayar da aka ba shi ta suɗe. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Muna shiga Wudil ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri kaɗan, ba zan shiga daji da wannan tayar ba." Ya tsaya wurin mai faci, ya buga waya ofis ya yi ta fama da su har suka yarda a canza ta a kuɗinsu.

Daga Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi tafiyar kusan kilomita 300 ce, kuma da damina hanyar tana da daɗin kallo. Gero ya yi kai, duwatsun Ningi sun yi kore, ga masu gasa masara a bakin titi. Direban bai taɓa wuce gudun da Inna za ta fara salati ba. Lokacin azahar bai jira an ce masa ba, ya ratse wani masallaci da ya san akwai wurin alwala na mata a killace. Wanda ya taɓa tafiya da tsohuwa ya san darajar wannan. A Bauchi kuma shi ya kai mu wurin mai masa a wani lungu, inda muka ci har yara suka ce a ƙulla musu guzuri.

Daga Bauchi titin Gombe ake bi, a karya dama a Dindima, a miƙe zuwa ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji. A nan muka fara gane cewa takardar da muka sa wa hannu a Kano ba ta faɗi komai ba. Kuɗin shigar direba, wurin kwanansa da abincinsa, duk a kanmu suke, amma babu wanda ya ambata. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, mutumin da ya ɗauko iyalinka ai ba za ka bar shi ya kwana a mota ba. Sai dai a gaya wa mutum tun yana gida, ya san nawa zai riƙo.

Akwai kuma maganar giwa. Matashin da ya karɓi kuɗinmu a ofis ya yi wa yara alkawarin za su ga giwaye garke guda, alhali a watan Agusta muke. Direban ne ya faɗa mana gaskiya tun muna hanya: da damina ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa yana ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa bakin kogin Gaji inda ake tarar da su. Gandun ya fi murabba'in kilomita 2,200, wanda yake son ganin giwa da ɓauna sai ya bari rani ya kama, daga wajen Janairu zuwa Afrilu. Haka kuwa aka yi. Mun shiga motar zagayen gandun da mai rakiya, muka ga gwambaza da mazo da gadu da tsuntsaye kala-kala, giwa kuwa sai sawunta da kashinta. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, don haka wannan ba sabon ilimi ba ne da mai sayar da tafiya zai kasa sani.

Ruwan Wikki ne ya share wa yara hawaye. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garai-garai har kana hango farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Inna da ta rantse ba za ta matsa kusa ba, sai ga ta zaune a gefe ta tsoma ƙafafu, tana cewa gwiwarta ta saki.

Gwaggon biri kuwa a nan suke mulki. Muna fakin direban ya juyo ya ce, "Hajiya, a ɗaga gilas, kada a bar ko ledar banza a kan kujera." Autanmu bai ji ba, ya fito da burodi a hannu. Kafin ƙiftawar ido wani ƙato ya fizge, ya koma gindin bishiya ya zauna yana kwance ledar a natse kamar maigida ya dawo daga cefane. Daga ranar direban bai ƙara barin mota a buɗe ba, ko da na minti ɗaya ne.

Ranar wunin biki a Bauchi aka kawo masu kiɗan ƙwarya. An kifa ƙore a kan ruwa cikin manyan robobi, zabiya tana bayarwa 'yan amshi suna karɓa, tana kiran dangin amarya ɗaya bayan ɗaya, mata suna fitowa liƙi. Bayan isha mai kalangu ya shigo, wuri ya sake rikicewa. Mu maza muna waje a kan tabarma, amma ko daga nan sai ka ji ƙafarka tana motsi. Mun yi da direban za a tashi da magariba, ba a tashi ba sai can dare. Bai zo ya tsaya mana a ka ba. Tun da rana ya juya motar ta fuskanci bakin layi don kada a toshe mu, ya shimfiɗa dardumarsa a gefe. Da Hajiya ta fito tana ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Ai biki ne, Hajiya, Allah ya ba su zaman lafiya."

Ofis ba su ga haka ba. Da muka mayar da mota aka miƙo mini lissafin awannin dare, wai duk abin da ya wuce ƙarfe shida na yamma kuɗinsa daban. Na ce a nuna mini a takarda. Manajan ya ce ai kowa ya sani. Na biya rabi bayan doguwar jayayya. Na tambayi dattijon a gefe ko kuɗin daren zai iso hannunsa, ya yi murmushi kawai, don haka na ba shi nasa ihsanin hannu da hannu.

Duk mai shirin irin wannan shata ya sa a rubuta masa abu huɗu kafin ya tura ko sisi: wa ke sayen mai kuma a wane ma'auni za a dawo da tanki, wa ke ɗaukar kwana da cin direba, ƙarfe nawa yini yake ƙarewa, da ranar da za a dawo da kuɗin ajiya. Namu kuɗin ajiyar sai da na yi ta kira kafin alat ya shigo, shi ma an zabge kuɗin wanki, wai yara sun cika kafet da yashi.