Tafiyar kwana 10 zuwa Jojiya daga Yamai: yawon ya ci kuɗinsa, aikin alherin da saura

Shirin da muke dubawa shi ne wanda wani kamfanin tafiye-tafiye na nan Yamai ke sayarwa a dunƙule: kwana 10 a ƙasar Jojiya, da tikiti, da otel, da mota, da ɗan jagora, sannan a ware kwana biyu da sunan aikin alheri. Jojiyar da ake nufi ita ce mai iyaka da Rasha, Turkiyya, Armeniya da Azarbaijan, wadda babban birninta Tbilisi ne, ba jihar nan ta Amurka ba. Yawon an tsara shi da kyau. Takardun sai ka sa ido da kanka. Kwana biyun alherin kuwa, yadda suke a rubuce, hoto ya fi aiki yawa a cikinsu.

Mai fasfon Nijar yana buƙatar biza, kuma Jojiya ba ta da ofishin jakadanci a Yamai. Ba inda za ka je ka zauna gaban ma'aikaci ka yi bayani, takardun da kamfanin ya tura su ne bakinka. Abin da ba a faɗa wa mai saye a fili shi ne biza ba ta tabbatar da shiga. Ɗan sandan iyaka a filin jirgin Tbilisi yana da ikon mayar da mutum a jirgin da ya kawo shi, kuma sukan tsananta tambaya ga masu fasfon Afirka: ina za ka sauka, kwana nawa, ina tikitin komawa, nawa ka riƙo. Inda ake samun matsala shi ne ajiyar ɗakin otel ta wucin gadi, wadda ake yi don neman biza kawai, ta mutu kafin ranar tashi. Idan jami'in ya kira otel aka ce ba a san da kai ba, magana ta ƙare. Saboda haka kwana biyu kafin tafiya ka sa otel ɗin ya turo maka tabbaci da sunanka yadda yake a fasfo, ka buga shi a takarda, kada ka dogara da waya. Daga Janairun 2026 inshorar lafiya da haɗari ta zama dole ga baƙo mai shiga ƙasar. Kamfanin yana haɗa ta cikin farashi, amma ka duba ko kwanakinta sun rufe har ranar dawowa.

Sai magani. Dokar Jojiya tana da tsauri ƙwarai a kan magungunan da ke ɗauke da kodin ko tramadol, waɗanda a nan wasu ke saye kamar alewa. Ƙwaya kaɗan a jaka ba tare da takardar likita ba na iya kai mutum hannun ƴan sanda. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa cikin kwalinsa na asali, da takardar likitan da ya rubuta. Kilishi da cuku su zauna a gida, duwan na iya karɓe su. Yaji da garin kunu ba su da laifi.

Hanya ba ta da wahalar ganewa: daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Istanbul, daga can awa biyu da ɗoriya zuwa Tbilisi. Agogon Jojiya yana gaban na Nijar da awa uku. Jirage da yawa da tsakar dare suke sauka, ga shi otel ba ya ba da ɗaki sai bayan azahar, don haka ka tambaya ko an biya daren isowa, in ba haka ba Hajiya da yara za su yi gyangyaɗi a kujerun zaure har rana ta take. Sefa ba ta canzuwa a can. Ka sayi yuro tun daga Yamai, a kan farashinsa na kullum, sefa 655.957. Yuro ɗaya yana ba da lari uku, kuɗin Jojiya ke nan, ko kusa da haka, wato jika ɗaya ba ta cika lari biyar ba. Ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a rumfunan canji na cikin gari, ka karanta lambobin saye da na sayarwa duka biyu kafin ka miƙa kuɗi. Faransanci ba ya aiki sosai: dattawa Rashanci suke ji, matasa Ingilishi, rubutun ƙasar kuma haruffa 33 ne da ba su yi kama da boko ko ajami ba. Wannan ya sa ɗan jagora mai jin Faransanci shi ne abu mafi daraja a cikin shirin, kuma kamfanin ya samar da shi.

Kwana ukun Tbilisi ba abin kushewa. Ana hawa keken igiya daga dandalin Rike zuwa ganuwar Narikala, a gangaro da ƙafa ta unguwar Abanotubani mai wuraren wanka na ruwan zafi mai warin ƙibiritu. Masallacin Juma'a na tsohon gari yana nan kusa, ginin jan bulo, inda ƴan Sunna da ƴan Shi'a ke salla wuri guda. Mtskheta, tsohuwar hedikwatar ƙasar, kilomita 20 ce kawai, da cocin Svetitskhoveli da na Jvari a kan tudu inda koguna biyu ke haɗuwa. Ana so mace ta rufe kai kafin ta shiga coci, abin da ba zai dami matanmu ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas lari ɗaya ne, tasi kuma a kira ta manhajar waya ta Bolt, kada a tsaya ciniki da direbobin bakin filin jirgi. Titin Rustaveli gaban majalisa ya sha zanga-zanga tun ƙarshen 2024. Baƙo ya wuce abinsa, ban da tsayawa ɗaukar hoto.

Ranar Kazbegi ce aka matse fiye da kima. Daga Tbilisi zuwa Stepantsminda, wato garin Kazbegi, kilomita 150 ne, amma hanya ce ta dutse mai kwana-kwana, cike da manyan motocin da ke zuwa iyakar Rasha, tana haye mashigar da ta fi mita 2,300 tsawo. Awa uku zuwa, awa uku dawowa, ga tsayawa a Ananuri da Gudauri, sai a bar wa cocin Gergeti, da ke mita 2,170 a gaban dutsen Kazbek, ɗan lokacin da bai ishi mutum ya huta ba. Gajimare yakan rufe dutsen da rana, da sassafe ake ganinsa sosai. Ka nemi a mayar da ita tafiyar kwana, ko da za ka ƙara kuɗin ɗaki. Rigar sanyin da ke isar mutum a hunturun Yamai ba ta isa can ko a watan Yuni. Tsakanin Disamba da Maris dusar ƙanƙara kan rufe hanyar, kuma takardar kamfanin ba ta faɗi abin da za a musanya ranar da shi ba.

Batumi ana zuwa ta jirgin ƙasa, kimanin awa biyar. Bakin teku ne mai tsakuwa maimakon rairayi, ruwan sama kuma ba ya jiran damina. Masallacin Orta Jame yakan cika ranar Juma'a har a shimfiɗa a waje, sai a tafi da wuri. Alƙibla a Jojiya kudu ce, da ɗan karkata yamma. Wanda ya saba fuskantar gabas ya duba kafin ya tayar da kabbara. A watan Yuni rana tana kai awa 15, asuba da wuri, isha a makare.

Abinci yana buƙatar baki. Khinkali, ƙullin fulawa mai nama da romo a ciki, galibi naman sa ne haɗe da na alade. Gasasshen naman mtsvadi ma sau da yawa alade ne. Har burodin wake, lobiani, wasu da naman alade mai hayaƙi suke yinsa. Abin da za a ci hankali kwance: burodin khachapuri mai cuku, gauta da gyaɗar walnut, pkhali na ganye, kifi, da khinkali na dankali ko naman kaza (tsiron nan, ba tsuntsuwar ba). Gidajen abincin Turkawa a titin Aghmashenebeli da unguwar Marjanishvili suna da halal. Kamfanin ya sa "liyafar gargajiya" a daren ƙarshe, ita ce supra, kuma ginshiƙinta ruwan inabi ne, da mai jagorantar shan da ake kira tamada. Mutanen ƙasar suna girmama baƙo, ba sa tilasta wanda ya ce addininsa ya hana, amma a sanar da mai gida tun kafin a zauna, a ajiye lemun kwalba ko ruwan Borjomi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zaman ba ya nemi a cire kuɗin daren.

Yanzu kwana biyun alheri. Takardar ta ce "ziyarar gidan marayu da rabon kaya a ƙauye". Nan ne shirin ya nuna ba a yi bincike ba. Jojiya ta shafe shekaru tana rufe manyan gidajen marayu irin na zamanin Tarayyar Sobiyet, tana mayar da yara hannun iyalai masu riƙo ko ƙananan gidaje masu yara kaɗan. Waɗannan ba wuraren da motar baƙi za ta tsaya a shiga da alewa da kyamara ba ne, kuma daidai ne da aka hana. In an ce za a kai ka, ka tambayi sunan wurin da takardar izini. In babu, ƙarshenta za a kai ku wata makarantar renon yara ku yi awa ɗaya ku fito.

Mabuƙata suna nan, sai dai ba inda takardar ta nuna ba. Akwai tsofaffin da fansho ba ya isarsu, waɗanda ke cin abinci a wuraren ciyarwa irin na ƙungiyar agaji ta Caritas a Tbilisi, ko suke zuwa cibiyoyin ƙungiyar Red Cross ta ƙasar. Akwai waɗanda yaƙin Agustan 2008 ya raba da gidajensu a Osetiya ta Kudu, aka gina musu ƙananan gidaje kusan 2,000 iri ɗaya a Tserovani, dab da Mtskheta. Akwai ƙauyukan tsaunin Ajara wajen Khulo, kilomita 80 da ɗoriya daga Batumi, inda Jojiyawa Musulmi suke da masallatan katako, hunturu mai tsawo da zaftarewar ƙasa. Akwai kwarin Pankisi, mazaunin Kistawa Musulmi, wanda shirin bai ma ambata ba. Duk waɗannan ba a shigarsu sai ta hannun wanda mutanen wurin suka sani: limami, shugaban ƙauye ko ƙungiyar da ke aiki a can shekara da shekaru.

Kuɗi hannu da hannu ma ba kamar da ba ne. Dokar 2024 ta tilasta wa ƙungiyar da fiye da kashi 20 cikin 100 na kuɗinta ke zuwa daga waje ta yi rajista ta musamman, sannan a 2025 aka ƙara cewa tallafin waje sai da amincewar gwamnati. Ƙaramar ƙungiya na iya ƙin karɓar ambulan ɗinka, ba girman kai ba ne, tsoron tara ne. Abin da ya kamata kamfanin ya yi, bai kuwa yi ba, shi ne ya rubuta wa ƙungiyar wata guda kafin tafiya, ta faɗi abin da doka ta yarje mata ta karɓa da abin da take buƙata, ta kuma aiko da wasiƙar gayyata da za a nuna a iyaka.

An kuma shawarci matafiya su zo da tufafi daga gida. Kuskure ne. Shadda da atamfa ba sa maganin sanyin Khulo, kuɗin ƙarin kaya a jirgi kuma ya fi ƙimar abin da ke cikin buhun. A sayi komai a can, a kasuwar Dezerter kusa da tashar jirgin ƙasa ko babbar kasuwar sari ta Lilo. Ƙunshi mai ma'ana ga gida ɗaya: fulawa kilo 5, man girki lita 2, suga kilo 1, wake kilo 1, taliya da ganyen shayi. Kada ya wuce kilo 10, domin tsohuwa ce za ta hau bene da shi. A tsauni, biyan kuɗin itacen hunturu ya fi kowane ƙunshi. Magani kada a raba ko ƙwaya ɗaya. Kada a haɗa rabo da wa'azi: fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan ƙasar Kiristocin Otodoks ne, maganar addini a Ajara tana da zafi, kuma masu masaukinku ne za su zauna da abin da ya biyo baya. Hoton mai karɓa sai da yardarsa, na yaro sai da ta iyayensa. Wanda ya yi niyyar fitar da zakka a can ya tambayi malaminsa tun a Yamai wa ya cancanta. Sadaka ce mai faɗin ƙofa.

Gaskiya ɗaya da ba za a ji daga bakin mai sayar da tikiti ba: in taimako ne kaɗai manufarka, Alhaji, kuɗin kujera ɗaya zuwa Tbilisi zai yi aikin da ya ninka haka a wajen ƴan gudun hijirar Tilaberi ko Diffa. Shirin ya dace da mai son ganin ƙasa wanda kuma ba ya so ya dawo bai taɓa kowa da alheri ba. Ga irin wannan mutum, yini ɗaya cikakke a wurin ciyar da tsofaffi, ana feraye dankali ana wanke kwano, ya fi kwana biyun da aka tsara.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Mayu zuwa Yuni, ko Satumba zuwa farkon Oktoba. Yuli da Agusta Tbilisi tana da zafi, otel ɗin Batumi kuma sun fi tsada. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka sa a rubuta maka nawa ne daga farashin ke tafiya ga aikin alheri da sunan wanda zai karɓa, da rasit bayan an sayi kayan. A kuma rubuta abin da za a mayar maka in an hana biza, da abin da za a mayar in an juyo da kai daga filin jirgin Tbilisi. Yarjejeniyar da kamfanin ke bayarwa yanzu ta ambaci na farkon, ta yi shiru a kan na biyun.