Koha a ɗan laburarenmu na Maradi, abin da na gani bayan shekara guda

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun ranar da na sa hoton kantocin littattafanmu mutane ke ta tambayata wai da mi muke bada aro yanzu, to ga amsa wuri guda kowa ya huta. Sunanshi Koha, manhajar kwamfuta ce ta gudanar da laburare, shekara guda ke nan da ƴan watanni muna aiki da shi a ɗan laburaren lakwal ɗinmu nan Maradi, littattafai kusan 2,000 na Faransanci da Larabci da Hausa.

Da can kaye ne, wato littafin rubutu. Yaro ya ɗauki littafi ka rubuta sunanshi, ya maido ka soke, in hutu ya zo ba wanda ya san mi ya fita mi ya dawo, ni kaina akwai wani ƙamus da na yi wata ukku ina zargin wani yaro bawan Allah ashe yana kan teburin malam ƙarƙashin takardu.

Shi Koha ba a sayenshi. A New Zealand anka yi shi a 1999, kamfanin Katipo ya rubuta shi ma laburaren Horowhenua saboda tsohuwar manhajarsu ba za ta iya tsallaka shekarar 2000 ba, sunka fara aiki da shi a Janairu 2000, sannan sunka sake shi kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Kalmar koha ma a harshen Maori kyauta take nufi. Amma fa kar wanda ya ji kyauta ya ɗauka irin Facebook ne da za ka sauke a waya ka fara latsawa. Kan Linux yake zama, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, galibi samfurinshi da ake ce ma Debian, kuma sai ka buɗe baƙin allon nan ka yi ta buga umarni. Ni dai ban iya ba. Wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ya zauna mana kwana biyu da shayi da tsohuwar kwamfuta har abu ya tashi. Mun so mu ɗauki PMB, wani irin Koha ne na Faransa wanda anka fara a 2002, shi ma kyauta ne kuma ya fi sauƙin ɗorawa, sai dai ɗalibin nan Koha ne ya sani, kuma jami'o'in Najeriya da yawa shi suke amfani da shi, in ka maƙale Katsina ba nisa.

Abin da ya fi burge ni wallahi mutanen da ke bayanshi ne. Ba mai shi guda da za ka je ka roƙa. Ma'aikatan laburare da masu rubuta manhaja ne daga ƙasashe daban daban, duk Mayu da Nuwamba suna fitar da sabo, lambar ma shekara da wata ce, 24.05 na nufin Mayun 2024. In mutum ya ga kuskure sai ya kai shi Bugzilla, shafin da suke tara rahoton kurakurai, wani ya rubuta gyara, amma gyaran ba ya shiga sai wani daban ya gwada ya sa hannu ya ce lalle ya yi, daga nan wasu su sake tantancewa. Mai gwajin nan ba dole ya iya rubuta manhaja ba, irina ma yana iyawa. Suna da taro da suke ce ma KohaCon, na 2015 a Ibadan anka yi shi, masu Faransanci kuma suna da ƙungiyarsu KohaLa. Lokacin da binciken sunayen Larabci ke ba mu wuya na rubuta tambaya da ɗan gurgun Ingilishina ina jin kunya, kafin kwana biyu wata ma'aikaciyar laburare da ban taɓa gani ba ta bayyana mani saitin da za a taɓa ɗaya bayan ɗaya, ko dala ba ta nema ba.

Littattafan Faransanci ba wahala, ka buga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ya jawo maka bayanin daga babban laburaren Faransa ta hanyar da ake kira Z39.50, in dai akwai rezo. Na Hausa ne aiki. Da yawan waɗanda muke sayowa daga Kano ba su da ISBN, wasu ko shekarar bugu babu, sai ka zauna ka cika fom ɗin UNIMARC, tsarin rubuta bayanin littafi, da hannu, gidaje rututu da lambobi, ranar farko kaina har ciwo ya yi. Daga baya munka ɓoye gidajen da ba mu bukata ya rage kamar goma. Haruffa masu lanƙwasa ɓ ɗ ƙ ƴ duk yana karɓa lafiya lau, matsalar tamu ce, wani ya rubuta ƴ wani ya rubuta 'y irin na Najeriya, sai da munka zauna munka tsaida guda.

Sai maganar wuta. Intanet ba dole ba ne wajen bada aro tunda komai na cikin kwamfutarmu, amma in kuran ya ɗauke a zafin Afirilu to shi ke nan an koma kaye sai an maido mu shigar. Yanzu mun sa batir da ɗan faifan hasken rana, kuma duk da yana adana kwafi da kanshi kullum, duk Juma'a ina kwashewa a kle USB in tafi da shi gida.

In kana da littattafai 200 kacal kar ka wahalar da kanka. In sun kai dubu kuma kana da wanda ya san Linux kusa, ni na ba shi 8 cikin 10. Littattafan ajami dai har yanzu suna cikin kwali biyu bayan ƙofa, mun bar su sai babban hutu.