Yaƙin Basasar Najeriya: Tarihi Mai Taswira Ko Littafin Tsohon Kwamanda?

Malam, tsakanin littattafan nan biyu da ka ce kuɗinka na ɗaya kawai zai isa, wato cikakken tarihin yaƙin basasar Najeriya mai ɗauke da taswirori, da kuma wanda wani tsohon kwamanda ya rubuta a kan abin da ya gani da idonsa, ka ɗauki mai taswira. Ina da irin kowannensu a gida, kuma na san wanda hannu ya fi kaiwa gare shi.

Yaƙin nan, tun daga harbin farko a Gakem kusa da Ogoja ranar 6 ga Yuli 1967 har zuwa miƙa wuya a Barikin Dodan ranar 15 ga Janairu 1970, ba a fage ɗaya aka yi shi ba. Rundunoni uku ne na tarayya suka yi shi, kowacce da kwamandanta da hanyarta, kuma sau da yawa wata ba ta san halin da 'yar'uwarta take ciki ba. Runduna ta Ɗaya a ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangaro daga arewa, ta karɓi Nsukka a cikin Yuli, ta shiga Inugu ranar 4 ga Oktoba 1967. Sojojin Benjamin Adekunle, waɗanda suka zama Runduna ta Uku, ta teku suka biyo, suka sauka Bonny, suka kama Kalaba, sannan Fatakwal a watan Mayu 1968. Runduna ta Biyu kuwa, wadda Murtala Muhammad ya jagoranta, babu ita a lissafin farko. Dole ce ta sa aka haɗa ta cikin gaggawa, bayan sojojin Biyafara a ƙarƙashin Victor Banjo sun tsallaka gadar Neja ranar 9 ga Agusta 1967, suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka nausa har Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas. Sai ka ɗora yatsa a kan Ore ka ga kusancinta da Legas kafin ka fahimci abin da ya sa Gowon ya daina kiran lamarin aikin 'yan sanda, ya ɗauke shi a matsayin cikakken yaƙi.

Inda taswira ta fi yi mini amfani shi ne batun Anacha. Runduna ta Biyu ta ƙwato Binin a watan Satumba 1967, ta iso Asaba, wadda ke fuskantar Anacha a ɗaya gaɓar Kogin Neja, a farkon Oktoba, kuma a can ne aka kashe ɗaruruwan farar hula, abin da duk littafin kirki ba zai tsallake shi ba. Sojojin Biyafara sun riga sun karya gadar, don haka aka yi ta ƙoƙarin tsallaka kogin a jiragen ruwa, ido da ido da bindigogin da ke jira a ɗaya gaɓar. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana komowa da asarar rayuka mai yawa. Daga ƙarshe sai da rundunar ta zagaya ta tsallaka ta Idah, ta biyo ta ƙasa ta wajen Awka, sannan Anacha ta faɗi a watan Maris 1968. Ko a nan ma ba a huta ba, domin ranar 31 ga watan aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama da wuta, wutar ta bi jerin motocin ta cinye su da makamai da mutanen da ke ciki. Idan ana karanta wannan a rubuce kawai, sunayen garuruwa ne ke wucewa. Amma da zarar ka ga faɗin kogin a zane, ka ga tsawon zagayen Idah, ka ga cewa hanyar da ta haɗa Inugu da Anacha guda ce tak kuma daji ne hagu da dama, ba sai wani ya yi maka bayanin abin da ya jawo asarar ba.

Haka nan faɗuwar Fatakwal. A jerin kwanan wata, gari ɗaya ne cikin garuruwa. A taswira kuwa za ka ga daga ranar Biyafara ta rabu da teku, ta koma dogaro da wani yanki na kwalta a Uli da aka mayar filin jirgin sama, inda jirage ke sauka da dare da abinci da makamai. Yunwar da ta kashe yara ba adadi, wadda ta ja hankalin duniya kan yaƙin, daga wannan toshewar ta tsananta.

Littafin nan yana da wani matsayi na musamman a wurina saboda baffana, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi yaƙin a Runduna ta Ɗaya. Mutum ne da ba ya son a tayar masa da zancen. Wata rana da yamma ya iske littafin a buɗe a kan tabarma, ya sa tabarau, ya fara bin hanyar Okigwe zuwa Uzuakoli zuwa Umuahia da ɗan yatsansa, yana faɗin inda suka kwana da inda ruwan sama ya hana motocinsu tafiya. Ya ce ranar da suka shiga Umuahia, wato 22 ga Afrilu 1969, sun ɗauka yaƙi ya ƙare tunda hedkwatar Ojukwu, shugaban Biyafara, ta zo hannu. Na juya masa shafi na gaba, wanda ya nuna Owerri, inda sojojin Biyafara suka yi wa Birged ta 16 ta Runduna ta Uku ƙawanya tsawon watanni, ana jefa musu abinci da harsasai ta jirgin sama, wasu kayan suna faɗawa hannun abokan gaba, har suka fasa ƙawanyar suka fice, garin ya koma hannun Biyafara kwana uku kacal bayan faɗuwar Umuahia. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce labarin ya riske su a lokacin, amma bai taɓa sanin garuruwan biyu suna kusa da juna haka ba. A nan ne shi da kansa ya gane abin da ya sa aka sauya kwamandojin rundunonin uku a watan Mayu 1969, Obasanjo ya karɓi Runduna ta Uku daga hannun Adekunle, da kuma abin da ya sa yaƙin ya ƙara jan kusan wata tara bayan faɗuwar Umuahia, har Owerri ta sake faɗuwa a Janairu 1970, Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya sanar da ajiye makamai ranar 12 ga watan. Idan wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa ya ƙaru da littafi, ina ga wanda bai je ba.

Na tsohon kwamandan kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba, yana da daɗin karatu. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: nasara tasa ce, laifi na hedkwata ne, sauran fagage biyu kuma da ƙyar suka sami shafi. Da na sani da na jinkirta sayensa.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, domin jabun littattafan yaƙin basasa sun cika kasuwa. Akwai masu ɗaukar hoton littafi su buga a takarda mai arha, su manna masa bango mai sheƙi, su naɗe a leda su hana ka buɗewa. A irin waɗannan, taswirar ce ke fara lalacewa: kibiyoyin da ke nuna tafiyar runduna su zama baƙin tabo, sunayen ƙauyuka su dushe, wani lokaci ma a cire shafukan gaba ɗaya don rage kuɗin bugu. Ka sa a buɗe ledar a gabanka, ka nemi taswirar Anacha da ta Owerri ka ga ko suna karantuwa, ka bi lambobin shafi ka tabbatar babu tsallake, ka duba jerin sunayen da ke ƙarshen littafin yana nan, sannan ka buɗe tsakiyarsa ka ga ko gam ɗin zai saki. Wanda ya ƙi a buɗe, ka bar masa kayansa. Masu talla a intanet da ke cewa sai ka fara tura kuɗi, ka nemi su ɗauko maka bidiyon cikin littafin tukuna, domin hoton bango kowa yana iya samowa.

Ka sayi mai taswira yanzu. Idan Allah ya hore daga baya kana son jin ta bakin kwamandoji, ka sayi biyu a tare, ɗaya na ɓangaren tarayya, ɗaya na ɓangaren Biyafara, ka karanta su da taswirar a buɗe a gefenka.