Babban otal ko ƙaramin masauki: wanne ya cancanci kuɗinka a bakin teku?

Hoton talla ba ya nuna inda ruwan bayan gidan otal yake zuwa, alhali shi ne zai sa ka tarar da kifi da murjani ko ka tarar da ruwa mai duhu da gansakuka.

Babban otal a gaɓar da ta cika da gine-gine yana da ranarsa. Filin jirgi na kusa, asibiti na kusa, ga masu ceto a bakin ruwa, gasa kuma kan sauko da farashi. Mai tafiya da yara ko tsofaffi ba zai raina wannan ba. Sai dai ginin kan cinye abin da aka zo gani. Inda aka sare itatuwan mangurof, masu tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku, aka zuba kankare, an rushe gidan renon ƙananan kifaye. Katangar tare igiyar ruwa kuwa tana kare ginin ne, rairayin gabanta ya yi ta zaizayewa. A Kankun ta Meziko, inda otal-otal suka jeru kan siririn tsibiri, bayan guguwar Wilma ta 2005 sai da aka haƙo rairayi daga ƙarƙashin teku aka cike gaɓar. Tsibirin Borakay na Filifin ma gwamnati ta rufe shi wata shida a 2018 saboda ƙazantar da ake kwararawa cikin teku.

Ƙaramin masauki kusa da yankin da doka ta kare shi ne zaɓina ga wanda tekun ya kai shi, ba tafkin wankan otal ba. Dubi tsibirin Chumbe na Zanzibar: ɗakuna kaɗan, ruwan sama ake tarawa, lantarki daga hasken rana, an kuma hana kamun kifi a murjanin da ke gefensa. Akwai tsada, babu hayaniyar dare, kuma sai ka kama wuri da wuri. Amma a kula, ba kowane mai rubuta "muna kare muhalli" a allonsa ke yi ba.

Ziyarar wuni ɗaya a kwale-kwale ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi cunkoso. Gaɓar Maya ta Tailan an rufe ta a 2018 bayan jiragen ruwa da dandazon baƙi sun lalata murjaninta, ba a buɗe ba sai 2022, da sharaɗin ba a iyo a ciki.

Kafin ka biya, tambayi otal ɗin ko yana tace ruwan ƙazantarsa, da tazarar da ke tsakanin gini da ruwa, da ko ana rage fitilu lokacin da kunkurun teku ke ƙyanƙyasa, domin haske na ɓatar da 'ya'yansu daga hanyar ruwa. Tutar Blue Flag alama ce ta cewa ana gwada tsabtar ruwan gaɓar. Otal ɗin da ya yi ta kwana-kwana kan tambayar farko, nemi wani.