Bobby Orr ko Nicklas Lidström: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka fara kallon wasan hoki na kan ƙanƙara a intanet, kuma duk inda aka ɗauko zancen 'yan baya sai ka ji sunaye biyu, Bobby Orr da Nicklas Lidström, shi ne kake son sanin wanda ya fi. Ba zan ja maka rai ba: a wurina Orr ne a gaba. Amma ka yi haƙuri ka ji dalili, domin tazarar ba ta kai yadda mutanen Boston, inda Orr ya yi suna, suke faɗa ba, kuma akwai wuraren da Lidström ya yi masa fintinkau.

Saboda sauran 'yan zauren nan da ba su saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, bai cika tafin hannu ba, ana kora shi da sanda mai lanƙwasa a ƙasa. Wanda ya jefa shi a raga yana da maki ɗaya, wanda ya taimaka aka ci shi ma ɗaya. Babbar gasar duniya ita ce NHL ta Amurka da Kanada, kofinta shi ne kofin Stanley, kuma ɗan bayan da ya fi kowa a shekara ana ba shi kyautar Norris. Orr ya ɗauke ta sau 8, Lidström sau 7. Daga nan gardamar take tasowa.

An haifi Orr a 1948 a Parry Sound, wani ƙaramin gari a bakin ruwa a lardin Ontario na Kanada. Yana ɗan shekara 14 ya shiga ƙungiyar matasa ta Oshawa yana karawa da waɗanda suka girme shi da shekara huɗu ko biyar. A 1966 ya fara buga wa Boston Bruins, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1941. Kafin zuwansa aikin ɗan baya sananne ne: ka tsaya kusa da golanka, ka ture abokin gaba, ka miƙa faifan ga 'yan gaba, shi ke nan. An yi gwanaye irin su Doug Harvey masu iya tsara wasa daga baya, amma ba wanda yake yin abin da yaron nan ya zo da shi. Sai ya ɗauki faifan daga bayan ragarsu, ya ɗan zagaya kamar mai jiran wani abu, sannan ya fizga da gudu ya keta mutum biyar har gaban raga. In an ƙwace, kafin ka ƙifta ido ya dawo wurinsa. A tsofaffin hotunan bidiyo za ka gan shi ba hular kwano, gashi yana tashi, sauran 'yan wasa kamar a cikin taɓo suke tafiya.

Sakamakon wannan salo har yau ba a maimaita shi ba. A kakar 1969 zuwa 1970 ya fi kowa maki a duk gasar, maki 120, ɗan baya ya wuce dukkan 'yan gaba. Ya sake yin haka a 1975 da maki 135. Babu ɗan bayan da ya taɓa yin wannan ko sau ɗaya in ba shi ba. Kaka shida a jere yana haura maki 100. A kakar 1970 zuwa 1971 ya tara 139, a ciki 102 taimako ne. Akwai wani lissafi da ake yi na riba da faɗuwa: in ƙungiyarka ta ci kana fili a ƙara maka ɗaya, in an ci ku a rage ɗaya. A waccan kakar Orr ya tashi da ribar 124. Na kawo wannan ne domin masu cewa ai kai hari kawai ya iya. Wanda ya bar bayansa a buɗe ba ya tashi da irin wannan riba. Ya kuma zama gwarzon gasar baki ɗaya shekara uku a jere, 1970, 1971 da 1972.

Hoton da ya fi kowane shahara a tarihin wasan nasa ne. Ranar 10 ga Mayu, 1970, a filin Boston Garden, wasa na huɗu a zagayen ƙarshe na kofin Stanley da St. Louis Blues, an tashi uku da uku aka shiga ƙarin lokaci. Daƙiƙa 40 da farawa, Orr ya tura wa Derek Sanderson faifan a bayan raga, ya kutsa gaba, Sanderson ya dawo masa da shi, ya wuce gola Glenn Hall. A daidai lokacin ɗan baya Noel Picard ya sa sanda ya ɗaga masa ƙafa. Mai hoto ya kama shi a sama, a miƙe kamar shaho, hannuwa biyu a buɗe, baki a buɗe, 'yan kallo a bayansa sun fara miƙewa. Shekara 29 na jira ta ƙare a nan. Yau akwai mutum-mutuminsa a wannan yanayi a ƙofar filin wasan Boston. Sun sake ɗaukar kofin a 1972, kuma duka biyun shi aka zaɓa gwarzon wasannin neman kofi.

To, Lidström fa? Shi labarinsa ba ya da irin wannan hoto, kuma ina ganin shi ya sa waɗanda ba su zauna sun kalle shi ba suke rage masa daraja. An haife shi a Suwidin a 1970, shekarar da Orr ya yi wancan tashi. Ya buga wa Västerås a gida, Detroit Red Wings ta zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1989 a matsayi na 53, wato an ɗauki mutum 52 kafin a waiwaye shi. Ya zo a 1991, bai bar Detroit ba sai da ya yi ritaya a 2012. Kaka 20, riga ɗaya, lamba 5, kuma ko sau ɗaya ƙungiyar ba ta rasa shiga wasannin neman kofi ba yana cikinta.

Gwanintarsa sai ka nutsu kake ganinta. Ɗan gaba zai taho da gudu, Lidström yana ja da baya a kan takalminsa, jiki a miƙe, sanda a hannu ɗaya a shimfiɗe a kan ƙanƙara. Ba zai afka masa ba. Sai ya riƙa rage masa hanya kaɗan-kaɗan har ya kai shi jikin katanga, sannan ya ɗan taɓa faifan da bakin sanda, ya juya ya miƙa wa abokinsa daidai kan sandarsa. Babu karo, babu faɗuwa, 'yan kallo ma ba su yi ihu ba, amma hari ya mutu. In abokan gaba sun ɗaga faifan sama don su fitar da shi daga gidansu, sau da yawa sai ka ga ya kakkaɓo shi da sanda ya dawo da shi. Abokan wasansa har laƙabi suka sa masa mai ma'anar mutumin da ba shi da aibi. A wasanni 1,564 an hukunta shi minti 514 kacal. Orr, a ƙasa da rabin waɗannan wasanni, ya ci minti 953, domin shi ba a taɓa shi ya ƙyale.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne zagayen ƙarshe na kofin 1997 da Philadelphia. Suna da Eric Lindros, ƙato da ya haura kilo 100, wanda yake bi ta kan 'yan baya kamar motar da birki ya tsinke. Kowa ya ɗauka koci Scotty Bowman zai tura masa majiya ƙarfi. Sai ya sa Lidström da Larry Murphy, mutane biyu masu wasa da kai. Lindros bai ci komai ba sai ɗaya, a daƙiƙun ƙarshe na wasa na huɗu, lokacin da aski ya riga ya zo gaban goshi. Detroit ta cinye wasanni huɗu a jere ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1955. Suka ƙara a 1998, 2002 da 2008. A 2002 ya zama ɗan nahiyar Turai na farko da aka zaɓa gwarzon wasannin neman kofi. A 2008, bayan ya gaji Steve Yzerman, ya zama kyaftin na farko da aka haifa kuma ya koyi wasa a Turai da ya ɗaga kofin Stanley. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an daɗe a Kanada ana cewa 'yan wasan Turai ba su da zuciyar jan ragama in wasa ya yi zafi. A 2006 kuma, a wasannin Olamfik na Turin, shi ya ci wa Suwidin na uku a kan Finlan, daƙiƙa goma da shiga zangon ƙarshe, aka tashi 3 da 2 suka ɗauki zinare.

Yanzu mu jera su kafaɗa da kafaɗa. Kofin Stanley: Orr 2, Lidström 4. Wasanni: Orr 657, Lidström 1,564. Maki: Orr 915, Lidström 1,142. Har nan za ka ce ɗan Suwidin ya yi gaba. Amma dubi abin da kowa ya jefa a raga da kansa: Orr 270, Lidström 264. Mutumin da bai buga rabin wasannin ɗan'uwansa ba ya fi shi ci. In ka raba, Orr yana samun kusan maki 1.4 a kowane wasa, Lidström 0.7, rabi ke nan. Kakar da Lidström ya fi tara maki ita ce ta 2005 zuwa 2006, maki 80.

Adalci ya sa in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, kuma hujja ce mai nauyi. A 1967 gasar ta tashi daga ƙungiyoyi 6 zuwa 12, ta ci gaba da faɗaɗa har 18 a 1974. Sababbin ƙungiyoyin da yawa raunana ne, gwanayen Tarayyar Sobiyet da mafi yawan na Turai ba sa cikin gasar, kayan gola kuma ƙanana ne. Lidström ya yi zamani da ƙungiyoyi har 30, da gwanayen duniya duka a wuri ɗaya, da shekarun da cin raga ya yi wuya ƙwarai. Na yarda da duk wannan. Amsata ita ce sauran 'yan bayan zamanin Orr ma da waɗannan raunanan ƙungiyoyi suke wasa, amma babu wanda ya ko kusance shi. Idan ka san ƙwallon ƙafa, Lidström ya fi kama da Maldini: ƙungiya ɗaya, tsabtar wasa, tsawon zamani. Orr kuwa ka ƙaddara ɗan baya ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasarsa har sau biyu, kuma bai daina tsare gida ba.

Wurin da zuciyata take karyewa shi ne gwiwa. Salon da ya ɗaga Orr shi ya ci shi. Mai keta mutane da gudu dole a riƙa tare shi da ƙugu da sanda, kuma gwiwarsa ta hagu ce take karɓa. An yi mata tiyata ya fi sau goma, a zamanin da ake tsaga gwiwa a cire guringuntsi, har ƙashi ya koma yana gogar ƙashi. Ita ta hana shi buga shahararriyar karawar Kanada da Sobiyet ta 1972. A kakarsa ta ƙarshe a Boston wasa 10 kawai ya buga. Duk da haka a 1976 ya sa rigar Kanada a gasar kofin Kanada, yana ɗingishi a waje, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Ya koma Chicago ya buga wasa 26 cikin shekara uku, ya ajiye sanda a 1978 yana ɗan shekara 30. Aka ɗage ƙa'idar jira bayan ritaya aka sa shi a zauren gwarazan wasan a 1979 yana da 31. Ka riƙe wannan lamba. Lidström yana da shekara 31 ne ya ɗauki Norris ta farko, a 2001, ta bakwai kuma yana da 41. A shekarun da ɗaya ya gama, ɗayan yake fara girbi.

Ga kuma cin amana. Wakilinsa Alan Eagleson, wanda ya yarda da shi tun yana matashi, shi ya kai shi Chicago. Boston ta yi tayin ba shi kaso 18.5 cikin 100 na mallakar ƙungiyar, Orr ya ce ba a taɓa sanar da shi ba. Da ya yi ritaya aka duba lissafinsa, mutumin da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan ɗaya na farko a gasar, a 1971, ya kusa tashi ba ko sisi. A 1998 Eagleson ya amsa laifin zamba a kotu aka ɗaure shi. Orr ya sake gina kansa, daga baya shi ma ya zama wakilin 'yan wasa. Lidström bai ga irin wannan ba. Ya yi ritaya da ƙafafunsa lafiya, ya koma Suwidin da iyalinsa, Detroit ta rataye lambarsa a 2014 don girmama shi, ba mai sake sa ta, ya shiga zauren gwaraza a 2015.

Don haka in ka ce in zaɓi mutum ɗaya da zan gina ƙungiya a kansa shekara 20, Lidström zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, kuma da ɗana zai koyi tsaron baya, wasansa zan kunna masa, domin abin da yake yi ana iya koyonsa. Amma tambayarka wa ya fi, kuma a nan ina tare da Orr, domin duk ɗan bayan da ka gani bayan zamaninsa yana ɗaukar faifai yana hawa gaba, daga Paul Coffey zuwa Cale Makar, ƙofar da ya buɗe suke bi.

Gani ya kori ji. Ka nemi wasan 10 ga Mayu, 1970, ka kalli Orr mai lamba 4 tun kafin faifan ya zo hannunsa. Sannan ka nemi wasan ƙarshe na 2008 tsakanin Detroit da Pittsburgh, ka daina bin faifan da ido na minti biyar, ka zuba wa sandar mai lamba 5 ido duk lokacin da Sidney Crosby, ɗan gaban Pittsburgh, ya taho. In ka gama ka dawo zauren nan ka faɗa mana wanda ka zaɓa.