Layi ɗaya, kwamfuta biyu: shekaru biyu da na yi ina raba intanet ɗin wayar girke

Ranar Asabar ina kwashe tarkacen sito sai na ci karo da wani kebul ruwan toka, an naɗe shi an ɗaure da kyallen atamfa. A jikinsa akwai guntun takarda da rubutun hannuna: "Kuros ne, kada a yanke." Yara suka ce igiyar shanya ce. Wannan kebul shi ya raba mana rigima a gida daga 2002 zuwa 2004, ya kuma haifar da wata sabuwa.

A lokacin muna zaune a Kano, ni da maiɗakina da ƙanena da ke rubutun kammala digiri. Kwamfuta biyu gare mu. Tawa tana falo, mai Windows 98 fitowa ta biyu, ita ce ke da modem, wato na'urar da ke hawa intanet ta layin waya, da layin wayar kansa. Tasa tsohuwa ce da ya saya ta hannu, tana ɗakinsa, aikinta buga rubutu kawai. Duk sanda yake son duba imel ko neman wata maƙala sai ya zo ya tsaya a kaina yana murza hannu.

"Yaya, minti biyar kawai."

Minti biyar ɗinsa ba ya ƙarewa kafin sallar isha'i. In na hana shi, sai ya tafi kafe ya biya kuɗin awa, kuɗin kuma daga aljihuna suke fitowa. Jan layi na biyu kuwa ba zance ba ne. Wanda ya san wahalar samun wayar girke a wancan zamani ya san ba a neman na biyu. Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar a watan Agusta na 2001, amma kira naira 50 ne minti ɗaya, ba wanda ke maganar hawa intanet da ita.

Wani abokin aikina ne ya ce ai maganin yana cikin kwamfutata ban sani ba. Tun 1999 Microsoft ya saka wani abu a cikin Windows 98 fitowa ta biyu mai suna Internet Connection Sharing, ICS a taƙaice, wato raba intanet ɗaya tsakanin kwamfutoci. Ba ya zuwa a kunne, sai ka shiga wurin ƙara manhaja da cirewa, ka zaɓe shi a cikin kayan intanet, ka saka faifan Windows ya kwaso. Da an gama, kwamfutar da ke da modem ta zama uwa. Katin sadarwarta, wanda ake jona wa kebul, yana ɗaukar lambar adireshi 192.168.0.1, ita kuma take raba wa sauran kwamfutocin gidan lambobi da kanta. Duk abin da suka nema a waje ta hannunta yake fita, amsa ta dawo ta hannunta, ta miƙa wa mai ita. A wurin kamfanin intanet kwamfuta ɗaya ce tal ke kan layi, asusu ɗaya ake biya.

Abin da na saya bai taka kara ya karya ba: katin sadarwa biyu masu arha, irin na Realtek, da kebul. A kan kebul ɗin ne na yi asarar kwana biyu, kuma laifina ne. Na je titin Beirut na ce a ba ni kebul na kwamfuta mita 15, aka ba ni na miƙe. Na dawo na huda tagar ɗakin yaron, na bi bango da ƙusoshi, na jona, ƙaramar fitilar bayan kati ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na cire kati na mayar, na sake saka manhajarsa har sau uku. Ashe in kwamfuta biyu za ka haɗa kai tsaye ba akwatin rabawa a tsakani, kebul kuros ake so, wanda aka sauya wa wayoyi a kai ɗaya: masu ruwan lemo da koraye su yi musanyen gurbi, don bakin da ke aikawa a nan ya faɗa kunnen da ke karɓa a can. Katunan yanzu suna gane wannan su gyara da kansu, na wancan lokaci ba ruwansu. Yaron shagon ya yanke kai ɗaya, ya jera wayoyin a kan farcensa, ya matse da filaya, bai yi minti uku ba. Ina dawowa na jona, fitila ta kawo kore.

Daga nan komai ya tafi salin-alin, kuma a nan zan yaba. Ban rubuta lamba ko ɗaya da hannu ba. Tsarin ya ce in saka fulofi ya rubuta wani ɗan fayil da za a kai ɗaya kwamfutar don saita burauza, na kai, muka kashe muka kunna. Na buga layi daga falo, modem ya yi kukansa na ƙaƙaƙa da shuuu, sai na ji ihu daga ɗaki: "Yaya, Yahoo ta buɗe!" Kafin wannan na gwada wata manhajar wakilci ta raba intanet da aka kwafo mini, wadda sai ka bi kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya kana rubuta mata adireshi da lambar ƙofa, burauza ta yi, imel ya ƙi. ICS bai tambaye ni komai irin wannan ba. Ga wata riba da ban yi tsammani ba: tunda kebul ya haɗa mu, na buɗe masa firinta da babban fayil ɗaya, ya daina yawo da fulofi mai cin 1.44 MB wanda ƙurar hunturu ke kashewa duk mako.

Sai dai an raba ne, ba a ƙara ba. Kwalin modem ɗina an rubuta 56K da manyan baƙaƙe, amma ban taɓa ganin wannan lamba a allo ba. Ranar da layi ke da lafiya yakan kama a 44 ko 45, da damina in ruwa ya shiga mahaɗar waya a kan falwaya sai ya sauko 28.8, wani lokaci ƙasa da haka, kana ɗaga kan waya kana jin ƙara kamar ana suya. A rana mai kyau kilobayit 4 zuwa 5 ke saukowa a daƙiƙa, wato fayil mai 1 MB ya ci kusan minti huɗu. Wannan ɗan ruwan ne mutum biyu za su sha. Kebul ɗin da ke tsakaninmu yana iya ɗaukar ninkin haka sau ɗaruruwa, amma me za a zuba masa?

In duka biyunmu karatu muke, ba ka ma ji. Ni ina shafin Gamji ina karanta dogon sharhin siyasa, shi yana rubuta imel. Yayin da nake karatu layi a sake yake, shi ya samu. Hira a Yahoo Messenger ma ba ta cin komai. Muka koyi kashe hotuna a burauza, shafi ya riƙa buɗewa da sauri. Matsala tana farawa ne ranar da ɗaya ya fara sauke abu. ICS ba alƙali ba ne, ba ya cewa kai rabi kai rabi. Wanda ya fi buɗe baki shi ya fi sha. Ƙanena ya gano wata manhajar sauke fayil da ke yanka abu gida-gida ta ja su lokaci guda, ranar nan shafin imel ɗina ya tsaya cak, farin allo kawai. Na leƙa modem, fitilar karɓa ta tsaya a kunne ba ƙyaftawa. Na ɗaga murya daga falo.

"Kai, me kake saukewa?"

"Ba komai, Yaya."

Ba komai ɗin maƙala ce mai shafi ɗari da wani abu da waƙoƙi biyu. Daga ranar muka yi doka: manyan abubuwa sai bayan sha ɗayan dare ko da asuba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin waya na wata na biyu, shi ma sakacina ne. Akwai zaɓin da ke sa uwar kwamfuta ta buga layi da kanta duk lokacin da wata a gidan ta nemi intanet. Na bar shi a kunne don kada yaro ya riƙa tashina. Ban yi la'akari da cewa ba mutum kaɗai ke nema ba. Outlook Express ɗinsa yana leƙa imel duk rabin awa, manhajar kashe ƙwayar cuta tana neman sabuntawa, kowannensu ya motsa sai modem ya buga. Ni kuma na rufe muryar modem don kada ya dami mutane da dare. Muna kasuwa, muna masallaci, kwamfuta na ta buga waya ita kaɗai, kowane kira da kuɗinsa. Da takarda ta zo maiɗakina ta riƙe ta da yatsa biyu ta ce, "Malam, da wa kake hira haka?" Na cire zaɓin, na saita layi ya yanke kansa in an yi minti biyar ba motsi, na mayar wa modem muryarsa.

Maiɗakina ma tana da nata ƙorafin, kuma da gaskiyarta. Da can awa ɗaya ko biyu layi ke toshe a rana, yanzu da masu hawa suka zama biyu sai ya kusan wuni. 'Yan'uwanta su kira daga Gusau su ji layi a cike, har aka fara cewa ko mun ajiye kan waya ne da gangan. In kuma ta manta ta ɗaga kan wayar ɗaki, intanet ya katse mana duka, abin da aka yi minti arba'in ana saukewa ya tafi.

Sai dogaro da uwa. Kwamfutar falo dole ta kasance a kunne ko ba na amfani da ita, tana shan wuta tana hura zafi a watan Afrilu. In ta sanƙare, wanda Windows na wancan zamani ya saba, ɗaki ma ya mutu. In an ɗauke wuta, UPS ɗaya gare mu, yana falo, sai ni in ci gaba na minti goma shi yana zaune a duhu. Aika fayil ta Messenger da kiran murya ta NetMeeting kuwa daga kwamfutarsa sukan ƙi, saboda na waje ba ya ganinta, uwar kawai yake gani. Irin waɗannan sai ya dawo kujerata, mu koma gidan jiya. Da na koma Windows XP saitin ya ƙara sauƙi, akwati ɗaya za ka yi wa alama, sanƙarewa ta ragu sosai, saurin layi dai yana nan yadda yake.

In za a ce in ba shi maki, bakwai cikin goma zan ba shi. Ya yi abin da ya ce zai yi, kyauta, ba tare da na kira injiniya ba, kuma yaro ya gama rubutunsa ba tare da kuɗin kafe sun cinye ni ba. Ukun da na cire na rashin raba layi da adalci ne, da rashin wani allo da zai nuna maka wa ke cin me, da kuma yadda mai uwar kwamfuta ke zama ɗan sandan gida ba da sonsa ba. Gida mai kwamfuta biyu da imel da karatu, ya isa. Uku zuwa sama, ko gidan da ake sauke-sauke, wahala ce kawai za a raba.

ICS yana nan cikin Windows har yau, sai dai lambar ta koma 192.168.137.1, kuma dabarar ita ce dai wadda yarana ke amfani da ita in sun ce in buɗe musu hotspot a wayata. Mu kuwa ba mu muka daina ba. Wata tsawa a daminar 2004 ta biyo layin waya ta ƙone modem, katin uwar ya tsira da ƙyar. Kafin in sayi wani, ƙanena ya tafi hidimar ƙasa da kwamfutarsa a cikin kwali, ya bar mini kebul a jikin bango da rami a taga.