Hattara da jabun akwatin faifan Beatles

'Yan'uwa masu tara tsofaffin waƙoƙin Turawa, ku yi hattara da masu tallar akwatin faifan Beatles a eBay da Facebook suna cewa sabo ne fil a leda, kuɗinsa kuma bai kai rabin na gaskiya ba. Araha ba ta ado. Jabu sun cika kasuwar, da yawansu bugun China ne.

Ranar 9 ga Satumba 2009 ne kamfanonin EMI da Apple Corps suka sake fitar da waƙoƙin mawaƙan nan huɗu na Liverpool, bayan injiniyoyin ɗakin ɗaukar waƙoƙi na Abbey Road da ke Landan sun shafe shekara huɗu suna tace sautin daga kaset na asali. Akwati biyu aka yi. Baƙin shi ne na sitiriyo, wato mai raba sauti hagu da dama, yana da CD 16 da DVD ɗaya. Farin shi ne na mono, wato mai sauti ta hanya ɗaya, CD 13, a Japan aka buga shi, kowane faifai cikin ɗan kwalinsa mai kama da rigar faifan garmaho. Farin nan ya fi tsada kuma ya yi saurin ƙarewa a shaguna, shi ya sa 'yan damfara suka yi masa caa. Har ma'ajiyar USB mai siffar koren tuffa da aka fitar a ƙarshen shekarar, guda 30,000 kacal, ba su ƙyale ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne kunne ba ya kama wannan ha'incin. Kwafin CD yana iya fitar da sauti daidai da na asali, sai mutum ya saka a mota ya ji garau ya ce ai ya dace. Amma kuɗin da ka biya na kayan asali ne, kuma ran da ka tashi sayarwa za ka gane kwali kawai ka ajiye.

Saboda haka ido za ka sa. Kada ka yarda da hoton da mai kaya ya ɗauko daga shafin kamfani. Ka ce ya ɗauki bayan faifan da hannunsa, daidai zoben tsakiya. Faifan masana'antar ƙwarai yana ɗauke da ƙananan lambobin shaida na IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙoƙi ta duniya, a wurin. Idan babu su, ka janye. Ko akwai ma kada ka saki jiki, don wasu suna kwaikwayonsu. Duba ɗan littafin da ke ciki: hotunan jabu kan yi dishi-dishi, launi ya kauce, rubutu da kurakurai, gam ɗin kwalin kuma yana ɓanɓarewa. Wanda ya ce maka farin akwatinsa har da faifan waƙoƙi mai suna Abbey Road ko Let It Be, maƙaryaci ne, domin ba a saka su a na mono ba.

Ni dai mai kayan da ke da akwati goma goma a leda na abin da ya fito tun 2009, ba na ma tsayawa ciniki da shi. Haka wanda zai ce ku koma WhatsApp ka tura kuɗi asusunsa don ya rage maka farashi. Ka biya ta cikin shafin, inda za a iya mayar maka da kuɗinka, ka kuma ɗauki bidiyo lokacin da kake buɗe kunshin.